Zanen Hawaye a Fuskar Kare: Gano Sanadinsa da Yadda Ake Kula da Shi

Da zarar an gama girbin gero da dawa a ƙasar Gwandu, ciyawa ta bushe, hunturu ya sako ƙurarsa, sai kakar farauta ta kama. Daga Dalijan zuwa Kambaza, haka ma a ƙauyukan Kalgo irin su Diggi da Zuguru, samari kan fita da gora da adda, karnuka na gaba suna shinshinar ƙasa. Idan aka dawo da yamma aka dubi fuskar farin kare ko mai hasken gashi, sau da yawa za a ga layi biyu sun gangaro daga lungun ido zuwa gefen hanci, ja-ja kamar tsatsa. Wani ya ce jini ne, wani ya ce dauɗa ce, wani kuma ya ce ai haka aka haife shi. Gaskiyar lamarin, hawaye ne da ya kauce wa hanyarsa, ya bi gashi, rana ta gasa shi.

Kare a wannan yanki ɗan aiki ne. Yana bin maharbi daji, yana bin Bafulatani kiwo, yana kwana a bakin gonar albasa ko a ƙofar gida. Addini ya halatta riƙon kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma kowane almajiri ya san labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ban da karen gida mai gajeren gashi, yanzu akwai baƙin karnuka a gidajen wasu ma'aikata da 'yan kasuwa, daga Birnin Kebbi har zuwa Kalgo, inda mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yake. Akwai ƙananan farare masu dogon gashi irin su Lasa da Eskimo, akwai kuma manyan masu gadi irin su Alseshan da Bobul. Kowane kashi da irin hawayensa, saboda haka maganin wannan ba lallai ne ya yi wa wancan ba.

Daga ina jan yake fitowa?

Idon kare mai lafiya ba ya rabuwa da hawaye, dare da rana, sai dai ba a ganinsa. Wani ƙullutu da ke saman ido ne yake samar da mafi yawansa. Sauran, wajen kashi ɗaya cikin uku, yana fitowa ne daga wani ƙullutun da ke gindin fatar ido ta uku, wato ɗan tantanin nan da ake gani yana leƙowa daga lungun ido idan kare yana gyangyaɗi. Bayan hawayen ya wanke ƙwayar ido, sai ya shige wasu ƙananan ƙofofi biyu da ke lungun ido, ɗaya a fatar sama ɗaya a ta ƙasa, ya bi wani siririn bututu ya faɗa cikin hanci. Wannan na cikin dalilan da suka sa hancin kare yake da danshi.

Hanya biyu ce take sa hawaye ya zubo kan fuska. Ko dai ido ya samu abin da ke damunsa ya riƙa samar da hawayen da ya fi ƙarfin bututun, ko kuma bututun kansa ya toshe ko ya kasance a tsuke tun haihuwa. Launin kuwa na wani sinadari ne da masana ke kira fofirin, mai alaƙa da ƙarfen da ke cikin jini. Jiki yana fitar da shi ta kashi da fitsari da yawu da hawaye. Idan ya zauna a gashi ya sha iska da rana, sai ya rine ya koma ja mai duhu. Shi ya sa karen da ke yawan lasar ƙafarsa, ita ma sai ta yi wannan launin. Kare mai baƙin gashi ma yana da shi, gashin ne kawai yake ɓoyewa, don haka nasa da hannu ake ganewa: wurin zai kasance a jiƙe ko a daskare.

Idan launin ya tashi daga ja ya koma ruwan ƙasa mai duhu, wurin ya fara wari da maiƙo, to wani abu ya ƙaru. Danshin da ba ya bushewa ya zama gidan wani naman gwari da ke zaune a fatar kare, kuma daga nan sai ƙaiƙayi, sai susa, sai gyambo.

Kafin a ɗauko auduga

Kuskuren da aka fi yi shi ne a hau goge tabo ba a tambayi abin da ya kawo shi ba. Mai kare ya fitar da shi wuri mai haske da safe, ya dubi idanun biyu, ya amsa wa kansa tambaya uku: ido ɗaya ne ko duka biyu? Yaushe abin ya fara? Ruwa ne garau ko kwantsa?

Idan ido ɗaya ne, kuma kwatsam ya fara bayan an dawo daga daji ko daga wurin sussuka, zargin farko ya tafi kan abin da ya faɗa ciki: ƙayar ƙarangiya, tsinin busasshiyar ciyawa, ƙaiƙayin gero ko na shinkafa, ko ƙarcen reshe. Irin waɗannan sukan maƙale a bayan fatar ido ta uku, inda ba a ganinsu, suna ta gurzar baƙin ido duk lokacin da kare ya ƙifta. Idan kuwa duka biyun ne, ruwan garau, ga kare yana cin abincinsa yana wasansa, kuma abin yana tsananta daga Nuwamba zuwa Fabrairu, to galibi ƙura ce da hayaƙin ƙona daji.

A wurin baƙin karnuka, halitta ce ta fi yawa. Lasa da danginsa masu gajeren hanci idanunsu a waje suke, bututunsu a lanƙwashe, ga gashin fuska yana shiga ido yana jawo hawaye kamar lagwani. Manyan karnuka irin su Bobul da Rotwaila kuwa, wasunsu fatar idonsu takan naɗe ta ciki, gashi ya riƙa shafar ƙwayar ido. Wannan ba ya jin wanki, sai aikin likita.

Akwai alamomin da idan aka gan su, aikin gida ya ƙare. Kare yana runtse ido ɗaya ko yana gudun haske. Yana ta dirzar fuska da ƙafa ko a ƙasa. Baƙin ido ya yi hazo, ko fari ya fito kamar hakiya. Kwantsa ta yi kauri, ruwan ɗorawa ko kore. Wani jan tsiro ya kumburo a lungun ido. Ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Ko kuma kwikwiyo ne ga kwantsa a ido, ga majina a hanci, ga zazzaɓi da tari, ya ƙi abinci, wanda hakan na iya zama muguwar cutar nan ta kwiyakwiyai da turawa ke kira distemfa, mai kisa, wadda allurar rigakafi ke hanawa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, a nemi likitan dabbobi a ranar, domin gyambon baƙin ido yana iya huda ido cikin 'yan kwanaki.

Wankin yau da kullum

Idan an tabbatar idon kansa lafiya yake, sauran aikin ba shi da tsada. Ana bukatar auduga ko tsumma mai laushi da aka tafasa, da busasshen tsumma na daban, da ƙaramin mataji mai ƙananan haƙora, da almakashi mai dakusasshen baki, da ruwan gishiri. Mafi kyawun ruwan gishiri shi ne wanda ake ƙara wa marasa lafiya a asibiti, mai giram 9 na gishiri a kowace lita, kuma ana samun sa a kantin magani. Inda babu, a tafasa rabin lita na ruwa mai tsabta, wato daidai ledar ruwan sha guda, a zuba ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri a shafe, a bar shi ya huce. Na gida don fata da gashi ne, kuma kullum sabo ake haɗawa.

Aikin na mutum biyu ne. Wanda karen ya fi sabo da shi ya durƙusa a gefensa, ya rungume ƙirjinsa da hannu ɗaya, ya tallabi haɓarsa da ɗaya, yana yi masa magana a hankali. Karen da ba a saba taɓa fuskarsa ba, a sa masa takunkumi: a zagaya tsiri na tsumma a bakinsa, a ɗaure a ƙarƙashin haɓa, a kai ƙarshen bayan kunnuwa. Kada takunkumin ya wuce 'yan mintoci, musamman a bazara lokacin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, domin da haki kare yake sanyaya jikinsa. Masu gajeren hanci ba a ɗaure musu baki, a naɗe su da tawul kawai.

Mai wankin ya wanke hannunsa da sabulu. Ya jiƙa auduga, ya ɗora a kan busasshiyar kwantsar kamar rabin minti har ta yi laushi. Ba a ɓamɓare ta a bushe, don takan taho da gashi ta bar rauni. Sannan ya shafo daga lungun ido zuwa ƙasa, yana nisantar ƙwayar ido, shafa ɗaya auduga ɗaya. Audugar ido na dama ba ta zuwa na hagu. Sai a bi gashin da mataji a fitar da abin da ya rage.

Mataki na gaba shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne rabin maganin: busarwa. A danna busasshen tsumma a wurin har sai yatsa ya daina jin danshi, a kuma shiga cikin naɗin fatar da ke gefen hanci idan karen yana da shi. Wanki ba tare da busarwa ba ƙarin ruwa ne kawai ga naman gwarin da ake gudu. Bayan haka ana iya shafa ɗan basilin kaɗan a gashin da ke ƙasan ido don hawaye ya riƙa zamewa, amma da hunturu maiƙo yana kama ƙura, saboda haka a yi shi sama-sama, a goge da dare.

Sau biyu a rana ya wadatar, safe da yamma. A ƙarshe a ba karen ɗan abin da yake so, guntun nama ko ƙullin tuwo. Cikin mako guda zai fara kawo fuskarsa da kansa.

Mai dogon gashi yana bukatar aski duk bayan mako biyu ko uku. A sa mataji tsakanin ido da almakashi, bakin almakashin yana kallon ƙasa, a rage gashin da ke taɓa ido. Reza ba ta da wuri a nan, domin fizga ɗaya ta kare ta isa. Na saman kai kuma a ɗaure shi baya ko a rage shi.

Mai kare ya sani cewa gashin da ya riga ya rinu ba zai koma fari da wanki ba, sai dai ya tsawo a yanke shi. Ana auna nasara ne a gindin gashi: idan bayan mako huɗu zuwa shida sabon da ke fitowa fari ne, aikin yana ci. Ɗaukar hoton fuskar da waya kowace Juma'a yana nuna canjin da ido ba ya lura da shi.

Ranar da aka dawo daga daji

Karen farauta da na kiwo suna da nasu ƙarin. Kafin a ba su ruwa su kwanta, a duba idanu tare da tafin ƙafa da kunnuwa. A buɗe fatar ido da yatsu biyu a zuba ruwan gishirin asibiti da sirinji marar allura, daga gefen kunne zuwa gefen hanci. Ƙura da ƙaiƙayi za su biyo ruwan. Abin da ya ƙi fita bayan an zuba sau biyu ko uku, kada a bi shi da tsinke ko farce ko hantsaki.

Abu biyu kuwa ba sa jiran a iso gida. Na farko kumurci mai tofi, wanda ido yake nufa, kuma yana iya watsa dafinsa daga nisan mita biyu. Na biyu farin ruwan tumfafiya da na aguwa da ake shingen gona da ita, waɗanda ke ƙona baƙin ido. A duka biyun, a take a kwarara ruwa mai tsabta, ko na gora ne ko na leda, ba ƙaƙƙautawa har minti goma sha biyar zuwa ashirin, sannan a nufi likita. Yawan ruwa da saurin zuba shi su ne suke ceton idon.

Garin neman gira

Idanun karnuka da dama magani ne ya kashe su, ba cuta ba. Akan sa kwalli, wanda na gargajiyarsa dutsen dalma ne. Akan ɗiga lemon tsami, ko ruwan sukari, ko garin taba, ko a fasa kafso a barbaɗa. Masu fararen karnuka kuma, don son fuskar ta yi fes, sukan shafa bilic ko ruwan wankin ciwo mai kumfa ko man goge haƙora. Ɗigo ɗaya na waɗannan a cikin ido ya isa ya bar tabon da ba ya gogewa. Abin da Bahaushe ke cewa garin neman gira a rasa ido ke nan.

Maganin ɗigawa na mutane ma yana da nasa haɗarin. Da yawa daga cikin waɗanda ake saya don ciwon afolo suna ɗauke da deksametason ko betametason. Suna kwantar da ja nan da nan, amma idan akwai ƙarce a baƙin ido, sai su hana shi warkewa, gyambon ya yi ta zurfi. Ba a ɗiga su sai likita ya tabbatar babu rauni.

Sai kuma tailosin, wanda duk mai kiwon kaji ya san shi. Shekaru da dama wasu kamfanonin Amurka sun yi ta sayar da garin da ake barbaɗa wa karnuka a abinci don kawar da zanen hawaye, ashe wannan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne a ciki. A watan Agusta na 2014, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta aika musu takardun gargaɗi, domin ba a amince da amfani da shi ta wannan hanya ba. A nan kuwa yana nan a shagunan magungunan dabbobi, kowa na iya saya. Ɗura wa kare irin wannan magani wata da watanni don kwalliya yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, kuma ranar da aka bukace shi da gaske, a kare ko a kaji, sai ya ƙi ci.

Abin da likita zai yi

Mutanen Kalgo suna kusa da asibitin dabbobi na gwamnati da ke Birnin Kebbi, akwai kuma malaman dabbobi a ƙananan hukumomi. Aikin da ya fi ƙarfin nan akan tura shi asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Gwaje-gwajen farko ba su da zafi. Akwai 'yar siririyar takarda da ake saƙalawa a fatar ido ta ƙasa na minti ɗaya: a kare mai lafiya takan jiƙe milimita 15 zuwa 25, idan ta gaza 10 kuwa bushewar ido ce, wadda ita ma kwantsa mai kauri take kawowa. Akwai kuma wani rini da ake ɗigawa, ya koma kore. Idan akwai gyambo sai ya kama wurin ya nuna shi, idan kuma koren ya ɓullo ta hanci cikin 'yan mintoci, bututun a buɗe yake.

Toshewa ana wanke ta da siririn bututu bayan an yi wa kare allurar barci. Fatar ido da ta naɗe ana gyara ta da ƙaramar tiyata. Jan tsiron lungun ido, wanda ƙullutun fatar ido ta uku ne ya fito daga mazauninsa, mayar da shi ake yi a ɗinke. Wanda ya yanke shi a gida ya raba karen da kashi ɗaya cikin uku na hawayensa har abada.

Makwanci, kasko da damina

Inda kare yake kwana yana da hannu a lamarin. A kawar da makwancinsa daga kusa da murhu da tokar juji, a yi masa kariyar zana ta gefen da iskar hunturu ke bugowa, wato arewa maso gabas, a kuma yayyafa ruwa kafin a yi shara. Kaskon ruwansa a wanke shi kullum. Kwanon silba ko na tasa ya fi tsohuwar roba da ta ƙarce, wadda dauɗa ke maƙalewa a cikinta. A ƙasar da ta yi suna da albasa, daga Aliero zuwa Gwandu, ya kamata a san cewa albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, don haka ragowar miyar da ta sha albasa ba abincinsa ba ce.

Da damina ƙura ta kwanta, sai ƙudaje su karɓa. Suna bin jiƙaƙƙen gashi, suna ɗauko cuta daga wannan ido zuwa wancan, idan akwai rauni kuma su saka ƙwai ya zama tsutsa. Kaska ma takan kama gefen ido da kunne, kuma cutar jinin da take sa wa kare tana taɓa ido. A cire ta a hankali daga gindi, maganin feshi ko na wanka kuma kada ya kusanci fuska.

Duk wannan aiki hannu ne a kusa da bakin kare, saboda haka sharaɗinsa na farko allurar rigakafin haukan kare. Ana yi wa kwikwiyo tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, tana sarrafa ta a cikin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kuma kusan duka daga kare suke ɗauka. Karen da ba a san shi ba, ko wanda halinsa ya sauya farat ɗaya yana dalalar da yawu, ba a taɓa fuskarsa ko da idonsa ya cika da kwantsa. Wanda aka ciza ko aka yaƙusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Sarakunan baka da shugabannin mafarauta na Gwandu da Kalgo su ne suka fi kowa iya tara karnukan ƙauyukansu wuri ɗaya kafin a buɗe farautar bana, a gayyato malamin dabbobi ya yi musu allura, ya kuma duba idanunsu a zama guda.